Kakar Kiɗa da Wasa a Legas: Ina Ya Fi Dacewa Mutum Ya Kai Kuɗinsa da Darensa?

A Arewa, idan ruwa ya ɗauke aka gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai gari ya ɗauki kiɗa: kalankuwa, dambe, kokawa, da bukukuwan auren da aka yi ta ɗagawa tun cikin damina. Legas ba ta da rumbu, kuma ruwanta ba ya ɗaukewa da wuri, domin har cikin Oktoba akan tafka mamakon da zai cika tituna, amma ita ma tana da tata kakar. Daga tsakiyar Oktoba zuwa daren shiga sabuwar shekara, da wuya a yi mako guda ba a buɗe wani bikin kiɗa ko wasan daɓe ko raye-raye ba a wani lungu na birnin. Abin takaici shi ne, da yawa daga cikinmu mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 mukan shafe shekaru muna wucewa ta ƙofar waɗannan wurare ba mu taɓa leƙawa ba, wanda kuma ya yi ƙoƙarin leƙawa sau da yawa yakan faɗa inda bai dace da shi ba, ya dawo yana rantsuwar ba zai sake ba.

Ƙanen matata, wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Ikeja, shi ne ya sa na zauna na tsara wannan bayani. Ya same ni a gida bayan sallar isha'i, ya miƙo mini wayarsa cike da tallace-tallace, ya ce: “Yaya, kowa na cewa nasa ne ya fi. Ni da mai ɗakina muna so mu fita ko sau ɗaya ne kafin shekara ta ƙare, amma ban san inda za mu je mu dawo da mutuncinmu da sauran canjinmu ba.” Amsar da na ba shi a daren ta yi gajarta. Ga cikakkiyarta.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin tikiti kaɗai nake nufi ba. Ga wanda zai tashi daga Agege zuwa Victoria Island ya dawo da dare, kuɗin mota na iya kamo kuɗin shiga ko ma ya wuce shi, musamman da yake motocin da ake kira ta waya sukan ƙara farashi daidai lokacin da jama'a suka fito daga wasa gaba ɗaya. A haɗa da abinci da abin sha da kuɗin ajiye mota, sannan a san ainihin abin da daren ya ci.

Na biyu lokaci: yaushe ake farawa, yaushe ake tashi, kuma ko masu shiryawa suna cika alkawarin da suka rubuta a jikin tikiti. A waɗannan watanni rana takan faɗi a Legas wajen ƙarfe shida da rabi, saboda haka wasan ƙarfe bakwai yana bukatar mutum ya isa unguwar da wuri ya yi magariba a kusa, wasan ƙarfe uku na rana kuma yakan haɗu da la'asar, sai dai ana tashi kafin lokacinta ya fita.

Na uku hanya. Tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Mainland da Lagos Island da Apapa, kuma kusan duk wuraren da zan ambata a cikinsu suke. Wanda ya saba cewa in dare ya yi zai tare ɗan'uwansa mai babur ya kai shi gida, to ya sake lissafi.

Na huɗu dacewa da tarbiyyarmu: ko ana shan giya a fili, ko hayaƙi ya yi yawa, ko mutum zai iya zama kusa da matarsa da 'ya'yansa ba tare da ya riƙa sunkuyar da kai ba. Na biyar haɗari, kamar turmutsutsu da 'yan sane da tikitin jabu. Na ƙarshe, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi, shi ne ɗorewa, kuma ta fuska biyu: ko wurin yana nan duk shekara yadda za a iya komawa, da ko abin da aka gani zai zauna a zuciya bayan an kwana biyu, ko kuwa washegari ba abin da ya rage sai ciwon kai da hotuna a waya.

New Afrika Shrine da bikin Felabration

Kakar Legas da wannan biki take buɗewa. An haifi fitaccen mawaƙin nan Fela Anikulapo Kuti ranar 15 ga Oktoba, 1938, ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, kuma 'yarsa Yeni ce ta ƙirƙiro bikin a 1998 domin tunawa da shi, shi ya sa ake yin sa tsawon mako guda a makon da ranar haihuwarsa ta faɗo. Cibiyar bikin ita ce New Afrika Shrine da ke Agidingbi a Ikeja, wadda iyalinsa suka buɗe a shekarar 2000. Wani makeken zaure ne mai rufin kwano, gefensa a buɗe, an jera kujerun roba da tebura, hotunan Fela da na wasu 'yan gwagwarmayar baƙar fata suna rataye a bango. Ko shugaban Faransa Emmanuel Macron sai da ya je wurin a ziyarar da ya kawo Najeriya a 2018.

Ta fuskar kiɗa zalla, ban san inda ya kai nan ba a duk Legas. Abin da ake kira Afirobit ba waƙar minti uku ba ce da ake kunnawa a na'ura mawaƙi yana bi da baki. Tawaga ce ta mutum fiye da goma, masu ganguna da masu jita da masu busa ƙahonin ƙarfe, kuma waƙa ɗaya tana iya cin minti ashirin. Mai ganga zai fara shi kaɗai, mai jita ya shigo da ɗan gajeren sautin da zai yi ta maimaitawa kamar mai saƙa, sai can masu busa su tashi gaba ɗaya, har mutum ya ji abin a ƙirjinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kakaki da algaita a ƙofar fada ranar hawan sallah ya san irin wannan tashin tsikar jiki. Femi Kuti, ɗan Fela, da tawagarsa sukan yi wasa a ranakun Alhamis da Lahadi idan yana gari, ƙanensa Seun Kuti kuma yakan hau da tsohuwar tawagar mahaifinsu, Egypt 80. Yawancin waƙoƙin cikin Turancin buroka ne, wanda duk mai zama Legas yake ji, kuma maganarsu kan talauci da cin hanci da zaluncin masu mulki ce.

Kuɗin shiga ba shi da yawa, wasu dararen ma kyauta ne, ga shi kuma kusa da mazauna Agege da Ogba da Ikeja, ba sai an tsallaka gada ba. Wurin yana aiki duk shekara, don haka wanda makon bikin ya wuce shi bai yi asara ba. Hasali ma na fi ba da shawarar daren Alhamis na yau da kullum a kan makon bikin, domin a makon bikin jama'a kan cika har titi, manyan mawaƙa ba sa hawa sai dare ya raba, kuma a irin wannan cinkoso ne wayoyi suke ɓacewa.

Sai dai dole in faɗi gaskiya: ana sayar da giya, hayaƙi yana da yawa, kuma shigar 'yan rawar ba irin wadda muka saba gani ba ce. Ba wurin da zan kai iyali ba ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da irin wannan yanayi ba, kada wani ya ja shi. Wanda yake son sanin tarihin mutumin ba tare da daren ba, akwai gidan tarihin Kalakuta a titin Gbemisola da ke Ikeja, gidan da Fela ya zauna kuma a nan kabarinsa yake, ana shiga da rana. A cikin shirye-shiryen bikin ma akwai muhawarar 'yan makarantun sakandare da gasar rawa da lacca, waɗanda ba a tsakar dare ake yin su ba.

Cibiyar MUSON da ke Onikan

Wannan kishiyar ta farko ce ta kowace fuska. Ƙungiyar masu sha'awar kiɗa ce aka kafa a 1983, cikin waɗanda suka kafa ta har da marigayi Akintola Williams, fitaccen akantan nan, kuma tana da makarantar koyar da kiɗa da zauruka biyu sanannu, Agip Recital Hall da Shell Nigeria Hall. Bikinta na shekara-shekara shi ma a Oktoba yake faɗowa, inda ake haɗa kiɗan gargajiyar Turai da jaz da waƙar taron mawaƙa da wasan kwaikwayo, wani lokaci har da irin wasan nan da ake rera dukan zancensa cikin waƙa.

A nan ana zama ne shiru, waya a kashe, sanyin na'ura na ratsa mutum, ba a shiga ana fita a tsakiyar kiɗa. Ana farawa kusa da lokacin da aka faɗa, ana tashi da sauran dare. Za ka ga matasan Najeriya ashirin ko talatin riƙe da gogen Turawa manya da ƙanana, idonsu a kan takarda da kan sandar jagora, hannuwansu na tafiya tare kamar na mutum ɗaya. Wanda ya san wahalar da mai goge ko mai kukuma yake sha kafin hannunsa ya faɗa, zai girmama abin da yake gani ko da sautin baƙo ne a kunnensa.

To amma baƙon ne, kuma wannan shi ne raunin wurin ga wanda zai fara fita. Idan ba a saba ba, awa biyu na kiɗan da babu waƙa a cikinsa yana iya gundurar mutum, yara ƙanana kuwa ba za su jure ba. Wasu daga cikin waƙoƙin taron mawaƙa na coci ne, musamman idan Kirsimeti ta gabato, don haka yana da kyau a duba jadawali a zaɓi daren jaz ko na wasan kwaikwayo ko na ɗaliban makarantar, wanda ya fi araha. Kuɗin shiga matsakaici ne, haɗari kuma kusan babu. Wani abin da ke ƙara wa tafiyar armashi shi ne unguwar kanta: gidan tarihi na ƙasa yana nan kusa, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ga dandalin Tafawa Balewa, ga kuma Obalende a bayan gida, inda ba a rasa masallaci da tsire da mai jin Hausa.

Terra Kulture

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne na tura ƙanen matata. Bolanle Austen-Peters, wadda lauya ce, ita ta kafa wannan cibiya a 2003 a titin Tiamiyu Savage da ke Victoria Island. Akwai gidan abinci na girke-girken gida, da ɗakin baje zane-zane, da kantin littattafai, kuma an san ta da koyar da harsunan Najeriya har da Hausa. Daga baya aka gina zauren wasa mai ɗaukar mutum kimanin 400, wanda aka tsara shi musamman domin wasan daɓe, da fitilu da na'urorin sauti da allon da ke sauya hoton bayan dandamali. A lokacin hutun ƙarshen shekara akan sa babban wasa guda a yi ta maimaita shi kwanaki a jere, galibi sau biyu a rana, ɗaya da rana ɗaya da dare.

Irin wasan da ake yi a nan ya haɗa abubuwa ukun da muke magana a kai cikin tikiti ɗaya: labari ne ake bayarwa, makaɗa na kaɗawa a gabanka, 'yan rawa kuma suna cika dandamali. Wasan da ya fara fito da sunan gidan, mai suna Saro, wanda aka fara nunawa a 2013, labarin samari huɗu ne da suka baro ƙauye suka shigo Legas neman arziki da waƙa. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa sauka daga bayan tirela a Mile 12 da jaka ɗaya a kafaɗa ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

A wani wasa da na kalla a zauren, akwai inda mai gangar Yarabawa ya fito shi kaɗai, ya maƙale ta a hammata yana matsa tsirkiyoyinta, yana sa ta magana, daidai yadda mai kalangu yake yi a gaban mahauta. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da matata ta riƙa amsa wa gangar da baki, tana faɗin kalmomin da gangar ke furtawa, ta juyo tana yi wa matata bayani da buroka, ita kuma tana gaya mata cewa mu ma haka kalangu yake kiran sunan mutum da na kakansa. Har muka iso gida zancen da muke yi ke nan. Wannan shi nake nufi da ɗorewa.

Kuɗin tikitin ya fi na MUSON da na Shrine, kuma kujerun gaba sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma da yake zauren ƙarami ne, kujerar baya ma ana gani ana ji sarai, babu dalilin sayen ta gaba. Kowa da kujerarsa, babu turereniya, kuma iyalai ne suka fi yawa a wasan rana. Matsalarsa biyu ce. Ta farko nisa da cunkoson hanya, domin a Disamba shiga Victoria Island da fita daga cikinta da yamma aiki ne ja, shi ya sa na fi son wasan rana a ranar Asabar ko Lahadi. Ta biyu, tikiti kan ƙare da wuri, sai an saya tun da sauran kwanaki, kuma daga shafin gidan ko ƙofarsa, ba daga hannun wani a bakin titi ba. Yana da kyau kuma a tambayi abin da wasan ya ƙunsa kafin a ɗauki yara, domin ba kowane labari ne na yara ba.

Freedom Park

Wurin da ke titin Broad a tsibirin Legas asalinsa kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro. Mai zanen gine-gine Theo Lawson ne ya mayar da shi lambun shaƙatawa, aka buɗe shi a 2010 lokacin da Najeriya ta cika shekara 50 da samun 'yancin kai. Tsohuwar katangar tana nan, an bar alamar ɗakunan fursunoni domin mutum ya ga ƙanƙantarsu, kuma inda ake rataye mutane a da, nan ne aka kafa dandamalin wasa.

Watan Nuwamba ne lokacinsa. A nan ake yin bikin littattafai da fasaha na Legas, da kuma bikin Lagos Fringe, inda ƙananan ƙungiyoyin wasa da mawaƙan baka da matasa masu rawar zamani suke baje abin da suka shirya. Ga mai son rawa musamman, wannan ce dama mafi sauƙi ta ganin sabon salon da matasan Legas suke ƙirƙirowa, wanda ya haɗa takun gargajiya da na titi. Kuɗin ƙofa kaɗan ne, fili ne a buɗe, yara na iya zagayawa, wanda ya gaji da wani wasa sai ya matsa gaba ya tarar da wani. Babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe ba shi da nisa, tashar jirgin ƙasa ta Marina da tashar bas ta CMS ma haka.

Rauninsa shi ne ba a san abin da za a tarar ba. Wata ƙungiyar za ta ba ka mamaki, wata kuma ɗanya ce, tana koyo ne a gabanka. Ruwan sama na iya tarwatsa taro a farkon Nuwamba, akwai sauro da yamma, kuma akwai masu sayar da giya a ɓangaren abinci, ko da yake wurin da faɗi, ana iya zama nesa da su. Idan dare ya yi sosai titunan wannan yanki sukan yi tsit bayan an rufe ofisoshi da kasuwa, don haka a fito da wuri.

Manyan shagulgulan Disamba

Waɗannan su ne suka fi cika waya da talla, su ne kuma na fi jan kunne a kansu. Idan Disamba ta kama, 'yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka sukan dawo hutu, fitattun mawaƙan zamani kuma su shirya manyan wasanni a zauren taro na otal ɗin Eko da filayen bakin teku na Victoria Island da Lekki. Tikitin talaka ma tsada gare shi, teburin manya kuwa miliyoyin naira ake saye. Wanda ya sayi mai arahar, sau da yawa a tsaye zai kwana, can baya, yana kallon mawaƙin a allo.

Na taɓa zuwa irin wannan sau ɗaya tare da wani abokin aikina. An rubuta ƙarfe bakwai a tikiti, muka isa da wuri muka tarar ana ɗaura fitilu. Ƙarfe goma sha ɗaya ana ta kawo ƙananan mawaƙa da masu barkwanci, ƙarfe ɗaya na dare wanda muka zo dominsa bai iso ba. Muka haƙura muka fito, muka yi kusan awa guda kafin mu fitar da mota daga wurin ajiya, na isa gida ana gab da kiran assalatu. Ba kowane wasa ne haka ba, akwai masu cika alkawari, amma jinkiri ya zama ruwan dare a wannan fanni har mutane sun daina mamaki. A ƙara da turmutsutsu a ƙofa, da tikitin jabu, da giya da ke yawo ko'ina. Abin da mutum zai samu shi ne ganin tauraron da yake so ido da ido, da jin dubban mutane suna rera waƙa ɗaya tare, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaunar mawaƙin, amma ba ya wuce daren.

Akwai sassauci guda. A shekarun baya gwamnatin jihar ta saba shirya bikin ƙarshen shekara kyauta a sassa biyar na jihar, wato tsibirin Legas da Ikorodu da Badagry da Epe da Agege, kuma mawaƙan da ake biyan kuɗi mai yawa a gani a Victoria Island sukan hau waɗannan dandamali. Ga matashin da ke Agege, idan an shirya shi, wannan kallo ne a ƙofar gida, sai dai a bar babbar waya a ɗaki, a tafi cikin abokai, a kuma tsaya daga gefe kusa da mafita.

Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu

An kammala shi a 1976 domin FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya na 1977, bikin da aka yi hawan dabansa a Kaduna, kuma siffarsa ta hular soja sananniya ce ga duk mai bin gadar Eko. Ya yi shekaru a lalace kafin Babban Bankin Najeriya da kwamitin bankuna su gyara shi, aka sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, aka sake buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 2025. Jirgin ƙasa mai zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2 yana da tasha a gefensa, kuma yana kusa da mazauna Ijora da Apapa da Surulere. A nan wasan da aka sa ne zai yanke hukunci, ba ginin ba, don haka a duba abin da ke kan jadawali a auna shi da ma'aunan da suka gabata.

A taƙaice cikin jadawali

| Wuri | Kuɗi | Lokaci | Hanya daga Agege ko Ikeja | Zuwa da iyali | Haɗari | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| New Afrika Shrine | Kaɗan, wani daren kyauta | Dare sosai | Kusa | Bai dace ba | Cinkoso a makon biki | Duk shekara, kiɗa mai zama a rai |
| MUSON | Matsakaici | Yamma, ana kiyaye lokaci | Nesa, sai an tsallaka gada | Ya dace da manyan yara | Kusan babu | Duk shekara, sai an saba |
| Terra Kulture | Da ɗan tsada | Rana ko farkon dare | Nesa, ga cunkoso | Ya dace | Ƙarewar tikiti | Labari mai daɗewa a zuciya |
| Freedom Park | Kaɗan | Rana zuwa dare | Nesa, amma akwai bas | Ya dace da rana | Ruwan sama, tsit ɗin dare | Ya danganta da abin da aka tarar |
| Shagulgulan Disamba | Tsada ƙwarai | Tsakar dare zuwa asuba | Nesa, cunkoso mai tsanani | Bai dace ba | Jinkiri, turmutsutsu, jabu | Dare ɗaya |
| Bikin gwamnati a Agege | Kyauta | Dare | Ƙofar gida | Bai dace da yara ba | 'Yan sane, cinkoso | Dare ɗaya |

Wa ya dace da ina

Magidancin da zai fita da matarsa sau ɗaya tak a shekara, kamar ƙanen matata, ya tara kuɗinsa ya sayi kujerun baya a wasan rana na Terra Kulture. Su tashi daga gida kafin azahar, su yi salla a hanya, su ci abinci a can, su dawo kafin dare ya yi nisa. Idan wasan ya faɗo ranar da jirgin ƙasa na layin Agbado zuwa Oyingbo yake aiki, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Mushin, kuma yana rage rabin wahalar tafiya, amma kada a dogara da shi wajen komowa da dare.

Mai yara da yawa da ƙaramin aljihu, Freedom Park a wata Asabar ta Nuwamba ta fi masa, ya haɗa da nuna musu ɗakunan kurkukun da ba su tarihin waɗanda aka tsare a ciki. Ɗalibi ko malami ko duk mai son natsuwa, da wanda yake da yaro mai sha'awar koyon kiɗa, ya nufi MUSON, ya fara da gidan tarihi da rana, ya yi magariba a Obalende, sannan ya shiga zaure. Namiji baligi wanda kiɗan kansa ne ya dame shi, yana son ya ji yadda ganga da ƙaho suke haɗuwa a hannun gwanaye, kuma ya san zai iya kame kansa a wurin da ba a kame ba, ya je Shrine ranar Alhamis tare da aboki, ya zauna ta gefen da iska ke shigowa, ya fito kafin sha biyu.

Babban shagalin Disamba kuwa na bar shi ga wanda yake da mawaƙi guda da ya daɗe yana burin gani, yana da motarsa ko wurin kwana a tsibirin, ba shi da aiki washegari, kuma kuɗin tikitin ba daga cefanen gida zai fito ba. Shi ma ya sayi tikitinsa daga shafin masu shiryawa, ya ci abinci ya yi isha'i kafin ya shiga, ya kuma sa a ransa cewa ƙarfe bakwai ɗin da aka rubuta tana iya zama ƙarfe biyun dare.